Birkin Kawu Bappayo Da Kwamitin Mutum Goma Sha Tara

Ranar Talatar makon jiya, da misalin ƙarfe ɗaya na rana, na ga wani ƙaton allon sanarwa yana nufo ni da gudu a gefen garin Ngurore. Sai daga baya na tuna cewa allo ba ya tafiya, mu ne muke tafiya. Ina zaune a bayan direba cikin wata farar bas, littafi a cinyata, kular dafa-duka a kan yatsun ƙafata, a bayana kuma mata ashirin da biyar, wasu na salati wasu na kiran Yesu, duk da murya ɗaya. Muka tura allon ya kwanta, muka shiga gonar wani bawan Allah da bai riga ya yi shuka ba, bas ta yi tari sau biyu ta tsaya. Ba wanda ya ji rauni. Shinkafa ce kawai ta yi hasarar rai.

Mai karatu, ka yi haƙuri na fara daga tsakiya. Wannan ne karo na farko da nake rubutu a jarida, kuma sau huɗu ina yaga shafin farko. Sunana Munirat, a Jimeta nake. Ni ba mai yawan magana ba ce, ko a aji in malami ya kira sunana sai na ji harshena ya yi nauyi. Amma direban bas ɗin nan kawuna ne, yayan mahaifiyata, Kawu Bappayo, kuma da na yi shiru da yanzu yana zaune a gida ba aiki.

Shekara ashirin da uku ke nan Kawu yana tuƙi a wata ma'aikata da ba zan faɗi sunanta ba, don ita ma ba ta riƙe suna ɗaya. Saura masa shekara biyu ya yi ritaya. Bai taɓa goga wa mota ko fenti ba. Shugaban ma'aikatar kuwa bari mu kira shi Mai Girma Mai Almakashi, tunda babban aikinsa shi ne zuwa ƙauyuka yana yanka zare. Allah ya ƙara masa lafiya, hannunsa bai taɓa kuskure ba. Ran nan rijiyar burtsatse za a buɗe. Bas ɗin Kawu ce ta ƙarshe a ayari, ita ke ɗaukar mata masu tafi, da kujeru, da janareta, da abinci. Ni kuma maƙwabciyarmu Mama Keturah ce ta ja ni. Tsohuwar malamar firamare ce, yanzu ita ke tara matan unguwa in za a yi taro.

"Ke Muni, kullum littafi, kullum littafi," ta ce. "Fito ki sha iska. Ba sai kin yi tafi ba, ki riƙe mini kula kawai."

To, ga abin da wanda bai taɓa shiga ayarin manya ba bai sani ba. Tun shekarun tashin bama-bamai, lokacin da 'yan'uwanmu daga Mubi da Michika suka cika gidajenmu, aka kafa wa direbobin ayari doka: kada a bar tazarar da wata mota za ta iya kutsawa tsakani. A wancan lokacin dokar tana da dalili, kuma ba na wasa da shi, don a gidanmu mutum goma sha huɗu suka yi wata biyar a ɗaki biyu. Amma an samu sauƙi, baƙinmu sun koma gida, an kwashe shingaye da dama, ita kuwa doka tana nan daram, ba wanda ya tuna ya soke ta. Mai tsaronta wani siririn mutum ne da ake kira Oga Furotokol, mai yawo da oba-oba, wato 'yar rediyon nan ta magana da direbobi.

Tun daga Jimeta oba-obar da ke gaban Kawu ba ta huta ba.

"Bas, matso! Bas, me kake jira, kana kiwon shanu ne? Rufe wurin nan!"

Jif-jif ɗin da ke gabanmu sababbi ne, suna tashi kamar an harba su. Suka ga rami su ci birki, Kawu ya ci. Suka wuce su taka totur, Kawu ya taka. Tudun rage gudu, birki. Keke Napep, birki. Layin mai da ya fito daga gidan mai ya cinye rabin titi, birki. Wani rami da aka ce an cike shi bara, wanda da alama bai samu labari ba, birki. Ga rana irin ta watan Maris, wadda take sa kwalta ta yi laushi. Kafin mu isa na fara jin wani ƙauri kamar an bar ƙarfen guga a kan tsumma. Na so in yi magana, sai na ce a raina wace ce ni.

Muna isa wurin taro, 'yan rawa suka fantsamo kan hanya, ayari ya tsaya cak, motocin suka baje gefe da gefe. Na ga ƙafar Kawu ta taka birki, ta tafi har ƙasa kamar ya taka nunanniyar ayaba. Ya saki ya sake takawa, ya sake. Gabanmu ga bayan jif ɗin Mai Girma, dama ga 'yan rawa, hagu ga allo. Ya mayar da giya ƙasa, inji ya yi kuka, ya ja birkin hannu a hankali, ya zaɓi allo.

Ni a ganina lambar yabo ta kamace shi. Matsalar ita ce, da allon ya faɗi sai jama'a suka ga abin da ke bayansa: bututu guda a tsaye, an ɗaura masa jan zare. Dole in yaba wa ma'aikatar, don allon kam an yi shi da kyau, ƙarfe mai kauri, hoton Mai Girma yana murmushi, har da zanen yara suna shan ruwa. Ban taɓa ganin ruwa mai kyau irin na zanen nan ba.

Washegari aka kafa kwamitin bincike na mutum goma sha tara. Suka je inda aka ajiye bas da sanyin safiya, wani daga cikinsu ya hau ya taka birki. Birki ya kama gam. Ya zagaya harabar ofis, ya sake takawa, mota ta tsaya kamar an kira sunanta. Nan take suka gano gaskiya: birki lafiyarsa ƙalau, saboda haka ko dai direba barci yake yi, ko kuma maƙiyan ci gaba ne suka turo shi ya kunyata Mai Girma. Aka ba Kawu takardar dakatarwa, aka ce ya bayyana gaban kwamiti ran Litinin. In suka tabbatar da laifi, kora ce, ba fansho ba komai.

Kwana biyu Kawu yana tashi da asuba ya sa farar rigarsa ta aiki, sannan ya tuna, ya zauna a ƙofar gida da ita. Na kai masa shayi, ya ƙi kallona.

"Na taka, ɓingel am," ya ce, haka yake kirana tun ina ƙarama, wato 'yata. "Wallahi na taka har diddigena ya taɓa ƙasa. Amma sun taka ya kama. Ni kaina na fara tunanin ko tsufa ne."

Wannan maganar ce ta hana ni zama. Ina da wani tsohon littafin gyaran mota da na saya a wurin masu baza littattafai a bakin kasuwa, ba don komai ba sai don yana da kauri kuma yana da zane-zane. Na duba babin birki, na ga abin da ya yi kama da namu, amma ban yarda da kaina ba. Na ɗauki littafin na tafi garejin Oga Philemon, bakaniken da ke bayan layinmu. Na same shi rabinsa a ƙarƙashin wata mota. Na yi sallama sau uku kafin muryata ta kai gare shi.

Ya fito yana goge hannu, ya dubi littafin, ya dube ni.

"A'a, yau injiniya ce ta zo duba mu? Zauna, Hajiya ƙarama. Maganar Baba Bappayo ce ko? Na ji labari. Faɗa mini abu ɗaya: da ya taka, abin ya yi tauri mota ta ƙi tsayawa, ko ya yi laushi ya tafi ƙasa?"

"Ƙasa ya tafi."

"Man birki ya tafasa ke nan. Shi ke nan magana ta ƙare."

Na ce ban gane ba, shi kuwa kamar dama jira yake wani ya tambaye shi. Ya ɗauko wani faifan ƙarfe mai tsatsa da wasu 'yan falle biyu baƙaƙe.

"Kin ga wannan faifai, tare da taya yake juyawa. Waɗannan biyun su ne fad, su ke matse shi in an taka birki. Goga tafin hannunki da ƙarfi. Kin ji zafi? To birki ba abin da yake yi sai mayar da gudu ya zama zafi. In kin taka kin saki, iska ta hura ya huce. Amma in kina taka kina taka ba hutu, ga lodi ya fi ƙarfin mota, ga ranar Yola, ina zafin zai je? Wani lokaci fad ɗin ne ke ƙonewa, fuskarsa ta yi santsi kamar gilashi, ki taka da ƙarfinki duka mota tana tafiya abinta. Wannan ƙaurin da kika ji, shi ne. Wani lokaci kuma zafin ya bi ya kai ga man birki ya tafasa shi. Mai in ya tafasa sai ya yi kumfa, kumfa kuwa iska ce. Ki taka iska ki ga ko za ta tura wani abu."

"To me ya sa ya kama da safe?"

Ya yi dariya har da buga cinya.

"Don ya kwana ya huce mana! Kumfar ta kwanta. Kamar a kawo miki mai zazzaɓi bayan zazzaɓin ya sauka, ki taɓa goshinsa ki ce ƙarya yake yi. Haba, mutum sha tara fa!"

Ya ce man birki yana shan laima a hankali, damina bayan damina, kuma man da ya sha ruwa ya fi saurin tafasa. Kamata ya yi duk bayan kamar shekara biyu a zubar da tsohon gaba ɗaya a zuba sabo. Na koma na tambayi Kawu yaushe aka sauya na bas ɗinsa. Ya ce shi dai ya rubuta takardar neman a sauya har sau shida, kuma kowace takarda an karɓe ta da mutunci an buga mata hatimi. Abin da ake yi sai dai in ya ragu a ƙara. Na tambaye shi fad fa? Ya ce na ƙarshe da aka kawo, kwalinsu ma ba suna.

Akwai kuma abin da Oga Philemon ya roƙe ni in rubuta da babbar murya, don direbobin tasha su ji: in birki ya yi zafi, kada a watsa masa ruwan leda. Ya ce kullum yana ganinsu, mutum ya fasa leda biyu a kan taya, tururi ya tashi, ya ji daɗi kamar ya yi aiki, alhali faifan ne yake lanƙwashewa ko ya tsage. A samu inuwa a tsaya, a bar shi ya huce da kansa. In gangara ce a sa ƙaramar giya inji ya riƙe motar, kada a sake ta a firi, ba giya, don tsimin mai. A taka birki sosai a saki, ba a ɗora ƙafa a kai ana jan sa ba. A bar tazara. Ya ce wannan na ƙarshen ba a saye shi a shago, shi ya sa ba mai daraja shi.

Ran Litinin muka tafi mu huɗu: Kawu, da ni, da Oga Philemon cikin rigarsa ta zuwa coci, da Mama Keturah wadda ba wanda ya gayyace ta. Kwamiti na zaune a dogon tebur, kowa da ruwan roba da naman kaza a gabansa. A tsakiya ga Ranka-ya-daɗe Shugaban Kwamiti, mutum mai faɗi, mai magana a hankali kamar kowace kalma sai an sa mata hannu kafin ta fito.

"Malam Bappayo, kana da mai ba da shaida?"

Mama Keturah ta tura ni gaba da gwiwar hannu. Na buɗe littafi, layukan suka haɗe. Na ce, "Ranka ya daɗe, birki... zafi... wato mai..." sai na tsaya. Wani daga ƙarshen tebur ya ce, "Yarinya, in yunwa ce ga kaza." Aka yi dariya.

"Ku bar shi ya yi magana!" in ji Mama Keturah. Ita haka Hausarta take, mace da namiji duk shi ne. "Yaron nan ya fi ku karatu. Ni na koyar da biyu a cikinku, kai da kai, kada in faɗi makin da kuka ci."

Dariyar ta tsaya nan take. Ban san daga ina ƙarfin ya zo ba, na rufe littafin, na dubi kwalbar ruwan da ke gaban Shugaba don kada in dubi fuskarsa, na ce:

"Ranka ya daɗe, kun gwada birkin yana da sanyi. Shi kuma yana da zafi ya ƙi. A gwada shi yadda aka tuƙa shi ran nan. In ya kama, ku kori kawuna."

Kawu ya juyo ya dube ni da sauri, don wannan ƙarshen ba mu shirya shi ba.

Oga Furotokol ya ce ai ba za a iya ba, ina za a samu lodin mata ashirin da biyar da janareta yanzu? Oga Philemon ya bi teburin da kallo daga wannan ƙarshe zuwa wancan, cikin ladabi, ya ce, "Oga, ina ganin nauyin da ke nan zai isa."

Ban san ko kunya ce ta sa su ba, ko tsoron Mama Keturah, amma suka hau. Oga Philemon ya zaɓi wata miƙaƙƙiyar hanya ta wajen Namtari, ba mutane ba motoci, gefenta fili ne da yashi, ya kuma ce kada a wuce gudun da giya za ta iya riƙewa. Shugaba a gaba, Oga Furotokol a bayansa an ce ya yi ta ba da umarni kamar ran nan. Da farko yana jin nauyi, amma da ya ji daɗin muryarsa sai ya koma gida: "Matso! Tsaya! Matso! Ka rufe wurin!" Kawu na taka totur yana taka birki. Ni ina can baya a matse tsakanin mambobi biyu, ina karanta duk addu'ar da na sani, kuma Allah ya gafarta mini, roƙo nake birki ya lalace.

Sau goma, yana kamawa. Sau goma sha biyar, yana kamawa. Wani mamba ya yi hamma. Na ga bayan wuyan Kawu ya jiƙe. Sai ƙaurin nan ya fara shigowa ta taga.

"Wani yana gasa masara ne?" in ji Shugaba. Sannan ya nuna wata bishiyar dalbejiya a gaba. "To ya isa haka. Tsaya mini daidai bishiyar can."

Kawu ya taka. Bishiya ta zo, ta gaishe mu, ta wuce.

"Na ce ka tsaya!"

"Ranka ya daɗe, ga ƙafata."

Shugaba ya leƙa ya ga ƙafar a ƙasa. Abin da ya faɗa bayan nan ba zai shiga jarida ba, amma da Fulatanci ne, kuma da sauri ya fito, ba wanda ya sa masa hannu. Kawu ya sauke giya ɗaya bayan ɗaya, ya ja birkin hannu a hankali, muka tsaya can nesa inda bishiyar ta koma kamar tsintsiya. Mutum goma sha tara suka fita ta ƙofa ɗaya cikin lokacin da ban zaci zai yiwu ba. Wani ya zaro ruwan robarsa zai zuba wa taya, Oga Philemon ya riƙe masa hannu ya ce, "Abeg, Oga, sha abinka."

Muka taka da ƙafa muka koma inuwar bishiyar, muka zauna kusan awa guda. Sannan Oga Philemon ya roƙi Shugaba ya hau kujerar direba ya taka da ƙafarsa. Ya taka. Birki ya kama gam. Ya daɗe a zaune yana kallon ƙafar tasa. Da ya sauko ya je wurin Kawu, ya ce, "Malam Bappayo, ran nan motata ce a gaban ta Mai Girma ko a bayanta?" Kawu ya ce, "A gefenta, ranka ya daɗe, ɗan taki kaɗan." Shugaba ya gyara hula. Komawa gari kuwa, sai da aka aiko da wasu motoci, don ba mamban da ya yarda ya sake hawa.

Jiya rahoto ya fito, shafi sittin da biyu. Na karanta shi duka, ina jin ni kaɗai ce na yi hakan. An wanke Kawu, an ce ya koma bakin aiki. An ɗora laifin a kan yanayin zafi, wanda rahoton ya ce ya zo ba tare da sanarwa ba. An ba da shawarar tura ƙaramin kwamiti wata ƙasa mai dusar ƙanƙara ya ga yadda suke fama da zafin birki. Maganar soke dokar tazara an miƙa ta ga wani kwamitin da za a kafa nan gaba. Man birki da fad kuwa ba su samu shiga rahoton ba, amma Shugaba ya sa an kai bas ɗin garejin Oga Philemon tun ranar gwajin, ya sauya su kafin la'asar.

Sai shawara ta ƙarshe, wadda aka ce Shugaba da kansa ya rubuta da biro a ƙasan shafi: daga yau, bas ɗin nan kada ta ƙara bin bayan motar kowane babba. A sa ta a gaba.

Saboda haka, mai karatu, in ka ga jerin baƙaƙen jif suna jiniya suna rarrafe a bayan wata farar bas a hanyar Ngurore, kada ka firgita, ba gawa aka ɗauko ba. Kawu ne a gaba, kuma ya rantse ba zai wuce sittin ba. Oba-oba na ta ihu, ya sa ta cikin aljihun ƙofa ya ɗora tsumma a kai. Yau da safe suka yi fitarsu ta farko a haka, aka ce Mai Girma ya isa wurin taro a makare da awa uku da rabi maimakon awa ukun da ya saba, kuma har zuwa lokacin da nake wannan rubutu ba a samu wanda ya lura ba.